5080, 7900 XTX ko 4090 na hannu? Ku taimaka kafin yayana ya baro Dubai

Ɗan Badariya: Salamu alaikum jama'a. Shekara biyu ke nan ina harhaɗa kwamfutar gem a nan Birnin Kebbi, yau a sayi wannan, gobe a jira albashi. Komai ya kammala sai katin girafik, wato wanda ke fitar da hoton gem a allo. Firosesa Ryzen 7 7800X3D na saka, fawa saflai mai wat 850, allo 4K. A gida inbata 3.5kVA gare mu da batir biyu masu 200Ah. Yayana zai taso ranar Laraba, ya ce in faɗi wanda nake so kafin ya ɗaure kaya. RTX 5080 ta kamfanin Nvidia tana da memori 16GB, RX 7900 XTX ta kamfanin AMD tana da 24GB, sai kuma wani da ya ce zai sayar min da 4090 da ya yi amfani da ita. Wanda ya taɓa riƙe ɗaya cikinsu a zafin nan namu ya ba ni labari don Allah.

Bakabe: Wa alaikumus salam. Sayi PS5 ka huta.

Ɗan Badariya: Yaya Bakabe, na ce fa na riga na haɗa komai.

Sarkin Gem: 5090 ita ce magana, 32GB. In ba hali ka ɗauki 5080 biyu ka haɗa su.

Injiniyan Jega: Haɗa kati biyu don gem ya zama tarihi, malam. 3090 da 3090 Ti ne na ƙarshe da suka zo da wurin haɗin, 4090 da ta fito a 2022 ba ta da shi. Ita kuma 5090 wat 575 take sha ita kaɗai, Nvidia da kansu fawa saflai mai wat 1000 suka ce a nema mata. Yaron nan 850 ya ce gare shi. Ƙanena, 5080 wat 360 ce, 7900 XTX 355, 4090 kuma 450. Biyun farko fawarka za ta ɗauka hankali kwance.

Na Gusau: Duk wanda ka zaɓa, ka ji tsoron Allah ka bar na hannu. Ni na ɗanɗana. A ƙarshen 2022, lokacin da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin girafik, katuna suka cika kasuwa da araha, na ga 3080 wurin wani mai shago a Legas. Ya turo min bidiyo tana aiki, fankoki na juyawa, fitilu na walƙiya. Na sayar da babur ɗina na cika kuɗin. Kwana tara ta yi min lafiya. Rana ta goma, ina tsakiyar wasa, allo ya cika da ɗigo-ɗigo kore kamar an watsa masa garin kuka, sai ɗif. Na kai wa mai gyara a Kano, yana kwance sukurori ya kira ni in leƙa. Robobin da ke kan memori sun narke sun yi maiƙo, gefen allon katin ya yi ja kamar ƙasan tukunyar tuwo. Ya ce wannan ta shekara tana aiki dare da rana ba hutu, wanke ta kawai aka yi aka sa a kwali. Na kira mai shagon, ya ce wutar garinmu ce ta ƙone ta. Na sake kira, ya toshe lambata. Har yau kwalin yana saman wadirof, uwargida ta zuba zare da allura a ciki.

Bakabe: Allah ya mai da alheri. Babur ɗin fa?

Na Gusau: Amin. Ƙafa nake takawa.

Sarkin Gem: Kai ma da naka. Wa ke sayen kati bai gwada shi awa guda a gabansa ba?

Na Gusau: Daga Gusau zan miƙa hannu Legas in gwada? Ka iya magana.

Ɗan Badariya: Allah ya kiyaye gaba, Yaya. To tsakanin sababbin biyun fa?

Mai Albasa: Nawa ma take? Na tambaya a Beirut Road a Kano watan jiya, aka ce min 5080 miliyan biyu da dubu ɗari huɗu.

Sarkin Gem: Sun ga baƙo ne. Miliyan ɗaya da dubu ɗari tara wani abokina ya saya.

Injiniyan Jega: Farashin kamfani da ta fito a 2025 dala 999 ne, daidai da yadda 7900 XTX ta fito a Disambar 2022. Amma masu ƙerawa irin su Asus da MSI kowa da nasa, mai manyan fankoki ta fi tsada. Sai ku fara faɗin wacce kuka tambaya kafin ku yi musu.

Mai Albasa: Miliyan biyu hwa! Wallahi da ni ne sai in kama gonar shinkafa a fadamar Argungu, in da saura in ƙara aure. Mi wannan abin ka yi wanda Ludo bai yi?

Uwar Biyu: Ka fara biyan sadakin ta farkon tukuna. Ɗan Badariya, ni 7900 XTX nake amfani da ita, aikin bidiyon biki nake yi, yara kuma su yi gem da yamma. Ba ta taɓa ba ni matsala ba sai a watan Afrilu, da zafi ya haura 40. Fankokin suka riƙa kuka kamar injin markaɗe, ɗakin ya koma gidan burodi, dole sai bayan isha'i nake kunnawa. Da hunturu kuma ƙura ce, duk sati biyu sai na buɗe na hure.

Sarkin Gem: Hajiya, aikin bidiyo daban, gem daban. A 4K in ka kunna hasken nan na ray tracing, AMD ba ta kamo ƙafar Nvidia. Ga DLSS 4 kuma, fasahar Nvidia mai ƙara wa gem sauri.

Uwar Biyu: Kai wanne kake da shi a ɗakinka?

Bakabe: Laftof ɗin makaranta, mai batirin minti goma.

Sarkin Gem: Sai ka mallaki jirgi kafin ka san yana tashi?

Injiniyan Jega: Maganarsa ta ray tracing gaskiya ce, ko da a YouTube ya gani. Amma abin da ba wanda ya taɓo shi ne batir. Biyu masu 200Ah, in ba ka so su mutu da wuri, rabinsu kawai za ka ja, wajen wat 2,400 na awa guda. Kwamfutarka da allo za su sha kusan 600. Awa huɗu ke nan, in an kashe firij da fankar gida. In 5080 ka ɗauka kuma, filogin wutarta mai ƙafa 16 ka danna shi har sai ka ji ƙas, kada ka lanƙwasa wayar daga bakinsa. Rashin zaunar da shi sosai ne aka fi dangantawa da narkewar da aka yi ta gani a 4090.

Ɗan Badariya: Na gode Baba Injiniya. Wato 5080 ɗin?

Mai Albasa: Yayanka ta Kano zai sauka ko Abuja? Kada ka yarda a sako ta webil. Allona na saya, direba ya cusa shi a but, ya ɗora buhu uku bisa. Da na buɗe a tasha, gilashin ya yi tsagi kamar ƙasar fadama da rani.

Na Gusau: Kuma su ce "ai ba ka ce mai fashewa ba ne." Na rubuta a jikin kwali da manyan baƙi, har da Ajami.

Uwar Biyu: Ni kuɗin ɗauko kaya ne ke ci min rai. A biya a can, ka zo karɓa yaron mota ya ce sai ka ba shi na ajiya, alhali motar yanzu ta tsaya.

Bakabe: Nawa ya karɓa?

Uwar Biyu: Dubu biyu, wai don kwalin ya kwana kusa da shi.

Ɗan Badariya: Jama'a, Yaya ya sake kira, yana cikin shagon yanzu haka.

Mai Albasa: Ce mishi ya riƙo ta a cinya har Birnin Kebbi. Hajiya, wace tasha ce? Ina jin yaron nan na san shi.