Muryar Hausa da nake horarwa ba ta bambance miyar kuka da kukan jariri, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri bayanin zai ɗan yi tsawo.

Kawuna ya rasa ganinsa shekara huɗu ke nan. Da NVDA yake aiki a kwamfuta, a waya kuma TalkBack, manhajojin da ke karanta wa makafi abin da ke kan allo, amma da zarar saƙo ya shigo da Hausa sai muryar Turanci ta dagula shi, har ya gwammace ya jira yara su taso daga makaranta su karanta masa. Shi ya sa na ƙudiri aniyar gina muryar Hausa wadda kowa zai ɗauka kyauta. Na zaɓi Piper, manhajar da ke mai da rubutu magana, saboda muryoyinsa ba su da nauyi, ko a 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 suna tafiya ba tare da intanet ba. Na naɗi muryar wani abokina da waya a ɗakinmu, jimla kusan 900, na horar a Google Colab, inda ake aron kwamfutocin Google ta intanet, a kan wata muryar Turanci da aka riga aka gama.

Ta yi magana, alhamdu lillahi. Sai dai in na rubuta "miyar kuka" ta kan faɗe shi kamar kukan jariri, "gari ya waye" kuma ta mai da shi garin tuwo. Ga wani ƙugi a bayan muryar kamar babur yana wucewa daga nesa. To, in ƙara jimloli ne, ko in zubar in faro daga tushe? In kwashi muryoyin Hausa na Common Voice, rumbun muryoyin da jama'a ke naɗawa su bayar kyauta, in haɗa? Sannan wata uku ke nan da na tura gyara ga masu kula da wata buɗaɗɗiyar manhaja, irin wadda kowa zai iya dubawa ya gyara, a GitHub, shafin da ake ajiye irin waɗannan manhajoji, ko uffan ba su ce ba, har jikina ya yi sanyi.

Malamin Hausa, Zariya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, na'urarka ba ta yi laifi ba, rubutunmu ne ya ɓoye mata abin da take bukata. Boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Kukan yaro sama-sama yake tafiya, kukar miya ta hau ta sauka, "kuka zo" kuwa wasulansa gajeru ne, amma duka ukun k-u-k-a muke rubutawa. Haka wuyan riga da wuyar aiki. Mu da muka sha harshen a nono ma'anar jimla ce ke yi mana jagora, ba ma ko lura. Ita kuwa da jimla 900 wataƙila sau biyu ta ci karo da "kuka", duka biyun na hawaye.

Hanya biyu gare ka. Ko ka ba ta jimloli masu yawan gaske har ta fara cankar ma'ana daga kalmomin da ke kewaye, ko ka yi jerin kalmomi masu harshen damo ka sa musu alamar kari da tsawo kafin rubutu ya isa gare ta. Ni ta biyu nake ba ka shawara, domin aiki ne da ɗalibai biyar za su iya rabawa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Paul Newman na 2007 duk suna nuna kari, ka riƙa dubawa in ka yi shakka, amma kada ka kwafe littafin mutane ka zuba a naka aikin. Wani abu kuma: duba rubutun da abokinka ya karanta. In daga Facebook ka kwaso, na san an rubuta "kasa" a gurbin "ƙasa", "bata" a gurbin "ɓata" ko "ba ta". Shi ya karanta daidai, ita kuma ta koyi cewa k da ƙ abu ɗaya ne.

Mai haɗa manhaja, Kaduna:
Malam ya gama magana a kan rubutu. Batun Common Voice kuwa, a'a. Lasisinsa CC0 ne, wato kowa na iya amfani da shi yadda ya so, ba mai hana ka, amma Mozilla ta tara shi ne don na'ura ta koyi sauraro: mutane barkatai, wayoyi iri-iri, wani a kasuwa wani a mota. Mai koyon magana murya ɗaya tsaftatacciya yake so. Dubi LJSpeech, rumbun naɗin muryar Turanci da kowa ke gwaji da shi, mace ɗaya ce, guntaye 13,100, kusan awa 24. Tunda ɗorawa kake a kan wata murya ba ka bukatar ko kusa da haka, awa biyu masu tsafta sun fi goma masu hayaniya.

Akwai BibleTTS, naɗin karatun Littafi Mai Tsarki da ya fito a 2022, da Hausa a ciki, an naɗa a situdiyo, lasisinsa CC BY-SA, wato ka ambaci masu shi kuma ka saki naka da irin lasisin. Yana da kyau a fara da shi, sai dai kalmominsa na littafin addini ne, ba za ka ji "katin waya" a ciki ba. Muryoyin MMS na Meta ma akwai Hausa, amma lasisinsu ya hana kasuwanci da su, ka kiyaye kada ka cakuɗa su da naka ka ɗaure wa na bayanka hannu. Kuma ka zauna da abokin nan naka ya sa hannu a takarda. Ya san cewa in ka saki muryar, kowa zai iya sa ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba?

Wata 'yar uwa, Maraɗi:
Don Allah ku tuna da mu. Mu ƴ muke rubutawa inda kuke sa 'y, ku sa ta gane duka biyun. Sai lambobi: ₦5,000 a ce naira dubu biyar, amma a nan sefa 1,000 jaka ɗaya ce, 100 kuma dala ashirin. In ta karanta wa tsohuwata "ɗari" za ta ɗauka dala ɗari ake nufi, wato sefa 500.

Mai situdiyo, Kano:
Ƙugin nan janareton maƙwabta ne ko fanka, kuma ta riga ta haddace shi a matsayin muryar mutumin. Ba ya gogewa. Sake naɗa. Ɗaki mai katifa da labule, tsakar dare kafin zakara ya fara, makirufo ɗaya, tazara ɗaya daga baki kullum. Kada ya wuce awa ɗaya a zama guda, murya tana gajiya.

Mai haɗa manhaja, Kaduna:
Na manta batun shirun da aka yi maka. Yawancin masu kula da irin waɗannan ayyuka 'yan sa-kai ne, bayan sun tashi daga aikin albashi suke leƙawa, kuma ba wanda ke jin Hausa a cikinsu balle ya tabbatar gyaranka daidai ne. Nawa ne girman abin da ka tura? In fayil talatin ne a dunƙule, ba mai taɓawa. Rarraba shi ƙanana, kowanne da gwajinsa da guntun sauti na kafin gyara da bayansa, ka nemi wani Bahaushe ya saurara ya rubuta shaidarsa a ƙasa. Yaran HausaNLP da Masakhane, ƙungiyoyin masu binciken koya wa na'ura Hausa da sauran harsunan Afirka, za su yi maka wannan. Kuma naka aikin ka buɗe shi yau, kada ka jira ya yi kyau. Kamfanin Coqui mai gina irin waɗannan muryoyi ya rufe, amma da yake manhajarsu a buɗe take wasu sun ɗauka sun ci gaba.

Wani dattijo mai lalurar gani, Katsina:
Yaro, Allah ya yi maka albarka. Ni da eSpeak, wata tsohuwar manhajar karanta rubutu da murya, nake aiki shekara da shekaru, muryarsa kamar ta gwangwani, amma ina ƙure masa gudu kuma ba ya haɗiye harafi. Ku masu ido daɗin murya kuke nema, mu kuwa mu gane saƙo da wuri. Gwada taka da sauri ninki biyu ka ji ko ƙ da ɗ suna nan. Ka kai wa kawunka ita a yadda take, shi zai faɗa maka inda ta fi ciwo.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na duba, jimla 214 ba su da harafi mai ƙugiya irin su ƙ da ɓ ko ɗaya. Gyaran da na tura kuma fayil 41 ne, Yaya, na ji kunya. Baba, gobe in sha Allahu zan kai wa Kawu. Jerin kalmomin na fara shi da kuka, gari, wuya da fari. Mai situdiyo, nawa za ka karɓa mu zo daren Asabar?