Shawarwarin dattawan zango ga 'yan baya

Abin da aka fi daɗewa a kai a wata hira da aka yi da dattawa kan zangunan Gana, wato unguwannin da baƙi Musulmi suka kafa a garuruwan ƙasar, shi ne batun takarda. Dattawa ba su manta da dokar korar baƙi ta 1969 ba, zamanin gwamnatin Firayim Minista Busia, lokacin da aka ba marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasa. Akwai waɗanda aka haifa a Kumasi, ba su taɓa taka Kano ba, amma suka hau mota da tabarmi da tukwane. Shi ya sa dattawan suka nace: a yi wa jariri takardar haihuwa tun ana shirin suna, manya kuma su karɓi Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ban da sakaci.

Shawarar da ta fi kama raina ita ce a zauna da kakanni a naɗi hirarsu a waya. Da yawansu zuriyar fataken goro ne na Salaga, wani gari a arewacin Gana, waɗanda yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa, kuma masu riƙe da labarin suna ta ƙarewa.

An kuma ja kunne cewa zango ba na Hausawa kaɗai ba ne. Mosi, Dagomba, Zabarmawa da Yarabawa duk sahu ɗaya suke bi a masallaci. Yaro ya riƙe Hausarsa da allonsa, ya iya harshen garin, ya yi boko.