BMW E46 330i: bayan mota na lilo, zan iya gyaran ƙafar baya a gida?

Abu Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ina da BMW 330i ƙirar E46 ta 2003, 'yar Kwatano. Idan na taka totur da ƙarfi sai in ji bayanta ya karkata, in na saki kuma ya dawo, kamar wani ne ke riƙe da sitiyari a baya. A hanyar Katsina zuwa Daura ya fi fitowa, musamman wajen wuce babbar mota. Tayoyin baya sun cinye ta ciki, akwai kuma ƙarar ƙwanƙwasa daga but in na shiga gargada. An ce mani shokazoba ce. Ina da jak, soket da fili mai siminti a gida. Me zan canza, kuma da me zan fara?

Usta Lawal Daura:
Wa alaikumus salam Malam Abu. Ciwo biyu ka faɗa, kada a haɗe maka su wuri ɗaya. Lilon nan da cin taya ba aikin shokazoba ba ne, bushin ɗin gaban dogon hannu ne, wanda 'yan kaya ke rubutawa RTAB. Dogon hannun shi ke riƙe da tayar baya, gabansa kuma na shiga wani aljihu a jikin bodi, gab da gaban tayar. In robar ta mutu, duk sanda inji ya tura sai tayar ta juya kanta kaɗan, ciki ko waje. Ƙarar but kuwa galibi mazaunin saman shokazoba ne ya yage.

Amma kafin ka sayi ko noti ɗaya, ɗaga motar ka shiga da tocila ka duba wurare huɗun da sabfirem, wato gadon ƙarfen da ke ɗauke da difa (akwatin giyar da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin baya), ya kama bodi. E46 ta yi suna wajen tsagewar ƙarfen wurin, yawanci daga mazaunin baya na hagu yake farawa. Goge ƙura da laka sosai, tsagar kan yi siriri kamar gashi. In ka ganta, dakata. Wannan sai an sauke sabfirem gaba ɗaya an yi walda da faranti, ba aikin tsakar gida ba ne, kuma sabon bushin ba ya maganinsa.

In wurin lafiya yake, ga aikin. Sassauta notin taya motar na ƙasa, sa waigi a tayoyin gaba, ɗaga, ka ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe a mazaunin jak na gefe. Don Allah ban da bulo. Bulon siminti ba ya gargaɗi, farfashewa yake yi lokaci ɗaya. Cire taya, ka kwance ƙaramin ƙarfen da ke riƙe da bututun birki a jikin hannun da soket 10, ka saki wayar ABS daga maƙalanta. Wanda ya manta wannan, hannun na saukowa zai rataya a bututun birki.

Farantin da ke riƙe da bushin yana da noti uku, soket 18. Kafin ka taɓa su, zana layi da fenti ko ƙusa kewaye da farantin a jikin bodi, domin ramukansa masu tsawo ne, da su ake saita fuskar taya. Tallafi hannun da jak, kwance ukun, sauke a hankali, ka cusa guntun katako tsakanin hannu da bodi don ya tsaya a ƙasa. Yanzu sai alama ta biyu, wadda aka fi mantawa: yadda farantin ya kwanta a kan hannun. Ja layi ɗaya da ya ratsa su biyun. Dalili shi ne notin tsakiya, wanda ke haɗa farantin da bushin, ba ya samuwa bayan an mayar da farantin cikin aljihunsa, dole a waje za ka ɗaure shi. In ka ɗaure a karkace, robar za ta zauna a murɗe tun motar na tsaye, ba za ta daɗe ba.

Fitar da tsohon bushin shi ne mai cin rai. Faɗinsa milimita 60 ne. In ba ka da na'urar zare shi, sa mai walda ya yanko maka guntun bututu mai kauri wanda cikinsa ya ɗan fi 60, da dogon ƙarfe mai zare na M12, da wasa masu kauri, ka riƙa ɗaurewa yana fitowa. Shafa giris a zaren kawai. Kada ka yarda a ƙona robar da wuta, tankin mai na roba ne kuma yana nan kusa. Goge ramin da sanfefa, lura da yadda tsohon ya fuskanta, tura sabon haka har ya leƙo daidai ta ɓangarorin biyu. Ƙarfin ɗauri, wanda ake aunawa da Nm: notin tsakiya 110 Nm, ukun bodi 77 Nm, notin taya 120 Nm. Nemi aron sifana mai auna ɗauri, ba a yin wannan da ƙiyasi.

Injiniya Rabe:
Usta ya gama da bushin. Shokazoba ta fi sauƙi nesa, tunda a E46 sifirin baya daban yake zaune a kan hannun sama, ba ka buƙatar abin matse sifirin. Yaye kafet ɗin gefen but, za ka ga noti biyu na 13. A ƙasa noti ɗaya ne na 18. Sa jak ƙarƙashin hannun kafin ka zare na ƙasan, in ba haka ba ƙafar za ta faɗi ta ja shaf, wato sandar da ke juya tayar. Wajen mayarwa, notin kan sandar shokazoba 14 Nm, biyun sama 28 Nm, na ƙasa 100 Nm, amma shi sai nauyin motar na kan ƙafar: ko ka ɗaga hannun da jak har ya kai tsayin da yake zama, ko ka ɗaure bayan an sauke. Duba ƙarfen bodi kewaye da noti biyun nan, yakan kumbura ko ya tsage. Akwai ɗan faranti na motar BMW Z3 da ake ɗorawa ta sama, kuɗinsa kaɗan ne, sa shi.

Tunda 'yar waje ce, leƙa zagayen ƙarshe na sifirin a ƙasa. Gishirin da ake zubawa a titi a ƙasashen waje lokacin sanyi yana cinye shi ya karye, guntun ya ɓoye cikin robar mazauninsa. In fitilunka xenon ne, cire ɗan sandan sensa da ke maƙale da hannun baya kafin ƙafar ta sauka.

Ni da zan ba da shawara, bushin na poli, wato polyurethane mai tauri, zan ce.

Usta Lawal Daura:
Injiniya, a nan kam ban bi ka ba. A sabfirem poli ba laifi. Amma dogon hannu ba sama da ƙasa kaɗai yake motsi ba, yana ɗan murɗawa, poli kuma ba ya ba shi wannan dama, sai nauyin ya koma kan aljihun bodi. Ga ƙurar hunturu, tana shiga giris ɗinsa ya fara kuka. Robar Lemförder ko Meyle HD, ko ta motar BMW M3 wadda ke shiga daidai, da zoben da ake sawa gefe da gefe don hana ta zamewa, sun wadatar. A dai kula da jabu, kwali mai kyau ba shaida ba ne, a duba tambarin da ke jikin ƙarfen.

Abu Ƙofar Ƙaura:
Allah ya saka da alheri. To in na mayar kan alamar da na zana, sai na je alaimen? Kuma wace shokazoba zan ce a kawo mani daga Ƙofar Ruwa?

Injiniya Rabe:
Sai ka je. Alamar za ta kai ka wurin mai alaimen ne kawai, domin tsohon saitin an yi shi ne a kan mataccen bushin. Nemi mai kwamfuta da ke auna ƙafa huɗu, ka tabbata ya san fuskar tayar baya da farantin nan ake gyara ta, kwanciyarta kuma da notin hannun ƙasa mai juyawa. BMW ta ce a auna da cikakken tanki, kilo 68 a kowace kujerar gaba, 68 a tsakiyar baya, 21 a but. Buhunan yashi sun isa. Shokazoba kuwa, Sachs ko Bilstein B4 in kana son yadda ta fito daga kamfani, B6 in kana son ta ƙara tauri a tsayinta na asali. B8 ta gajeren sifirin ce, kuma da tudun rage gudu da ke titunan cikin Katsina ban ga dalilin sauke motar ƙasa ba. Biyun za ka canza tare, haka ma bushin, ko da ɗaya ne ya nuna mutuwa.