Lasilix ya hana Baba barci, mu daina ba shi ne?

Ƴar Garwa: Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah shawara nake nema. Babanmu ne ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ba ya shiga, in ya kwanta numfashi sama-sama, dokta ya ce zuciya ce ta yi rauni ya rubuta mishi Lasilix 40 mg ƙwaya ɗaya a rana. Kumburin kam ya ragu sosai amma fitsari ba a magana, muna ba shi bayan isha'i sai ya kwana zarya da buta, jiya kuma da ya miƙe daga sallar asuba jiri ya ɗebe shi sai da ya dafa bango. Yanzu ya ce shi ya gama da maganin nan.

Nas daga Marwa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ku tsayar da kanku, ruwan zai iya dawowa har cikin huhu. Ainihin sunansa furosemide, aikinsa a ƙoda yake, yana hana ta mayar da gishiri cikin jini, gishirin ya fita ta fitsari ruwa ya bi shi. Cikin awa ɗaya yake fara aiki ya kai kamar awa 6, to kin ga wanda ya sha bayan isha'i ina zai ga barci? Da safe aka saba shan shi. Jirin nan ne ban so ba, ko tansiyo, wato ƙarfin bugun jini, ta sauka ko ruwan jiki ya yi ƙasa, ga zafin Garwa da ya wuce digiri 40. Ku koma wurin dokta yau ko gobe a auna tansiyo, a yi gwajin jini na ƙoda da potasiyom, wani sinadari da jiki ke buƙata, don maganin yana zubar da shi, ƙarancinsa ke kawo kasala da ɗaurewar jijiyar ƙafa.

Maman biyu: Nawa maigidan ma yana sha. Ki rage gishiri da magi, kanwa ma ki cire ta daga miya, ni sai daga baya na san ita ma dangin gishirin ce. In zai tashi ya ɗan zauna bakin gado tukun.

Nas daga Marwa: Na manta, ban da diclofenac da ibuprofen na ƴan tebur in gwiwa ta dame shi, suna rage ƙarfin maganin su wahalar da ƙoda.

Ƴar Garwa: Kai, diclofenac ɗin ma yana nan ƙarƙashin matashinsa. Bari in je in ɗauke, gobe da sassafe yayana zai kai shi asibiti insha Allah. Na gode Anti.