Oscar ɗin Marion Cotillard: wasanta ne ya ci, ko kwalliya da muryar Piaf?

Malam Mai Sharhi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ra'ayina shi ne, kyautar Oscar da jarumar Faransa Marion Cotillard ta karɓa a watan Fabrairun 2008 ba wasanta ne ya ciyo mata ba. Fim ɗin shi ne La Môme na darakta Olivier Dahan, inda ta fito a matsayin mawaƙiya Édith Piaf. Fuskar da muka gani aikin masu kwalliya ce, shi ya sa a daren nan Didier Lavergne da Jan Archibald suka karɓi tasu Oscar ɗin a kan wannan fim. Muryar ma ba tata ba ce. Ainihin faya-fayan Piaf aka sa a yawancin waƙoƙin, inda faifai ba zai yi ba aka kira mawaƙiya Jil Aigrot. In an cire fuska an cire murya, me ya rage? Julie Christie ce ta cancanta a shekarar, kuma ita ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta ba tata kyautar.

Hajiya Mai Kwalliya: Wa alaikumus salam Malam. Bari in fara da ɓangaren da na sani. Kwalliyar tsufa nauyi take ɗora wa ɗan wasa. Ana miƙe fata a shafa roba mai ruwa, a busar, a saki, sai ta tattare kamar tamoji. Inda ake son kumatu ya zubo sai a manna wani yanki a ɓoye bakinsa da launi. Duk abin da aka ɗora wa fuska yana cinye motsinta. Murmushin da zai fito sarai a fatar mutum, ƙarƙashin roba rabinsa ke fitowa. Dole jaruma ta zauna gaban madubi ta sake koyon yawan motsin da kowane yanayi yake buƙata. Ta yi kaɗan, fuskar ta mutu. Ta zarce, bakin robar ya ɗago, musamman in zafin fitila ya sa ta gumi. Ita Cotillard an aske mata gira an zana mata siririya irin ta Piaf, an aske gashin gaban goshinta don ya faɗaɗa, kuma kwalliyar tsufan takan ci wajen awa biyar kafin a kunna kyamara. Bayan wannan zaman ne aikinta yake farawa.

Malam Mai Sharhi: Hajiya, ai kin ƙarfafa maganata. Wahala kika lissafa. Masu zaɓen Oscar an san su da son wanda ya sauya kama ya sha wuya, ko da wasan bai kai ba.

Yaya Edita: Malam, wannan zargin yana da tushe, ba zan musa ba. Amma batun murya na zo gyarawa, don mu da muka saba da mamin waƙa a finafinan Kannywood bai kamata mu raina shi ba. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya. In leɓe ya saɓa wa sauti da hoto biyu ko uku, ido zai kama, musamman a haruffan da baki yake rufewa, wato b da m da p. Wannan edita zai iya ja baya ko gaba ya daidaita. Abin da ba ya gyaruwa a tebur shi ne numfashi. Mai waƙa da gaske tana jan iska kafin baiti, kafaɗa ta ɗaga, jijiyar wuya ta tashi, haɓa ta yi rawa in an ja sauti. Mai mamin da ba ta iya ba leɓe kawai take motsawa, wuyanta a kwance, shi ya sa ake guje wa fuskarta a yanka zuwa rawa ko hoton nesa. A La Môme kyamara tana tsayawa a kan fuskar Cotillard tana waƙa, babu wurin ɓuya. Kuma Piaf ba ta bin kiɗa daidai wa daida, takan jinkirta kalma ta kuma kaɗa harafin r. Sai wanda ya haddace inda take shaƙar iska a kowane layi zai iya bin ta.

Ƙanwar Zaure: Yaya, to ita ba ta iya waƙa ba ne da aka ƙi sa muryarta?

Yaya Edita: Ta iya, ƙanwata. Da muryarta ta yi waƙa a Nine na 2009, haka ma a Annette na Leos Carax a 2021. Amma duk Bafaranshe ya san muryar Piaf, ba a kawo masa kwaikwayo ya karɓa.

Baba Darakta: Ku bar ni in kai ku wurin da babu waƙa, babu kwalliyar tsufa. Oktoban 1949, ɗan damben nan Marcel Cerdan, masoyin Piaf, ya mutu a hatsarin jirgin sama a tsibiran Azores yana hanyar zuwa wurinta a New York. Dahan ya ɗauki fitowar da labarin ya iske Piaf a jere ba tare da yanka da ido zai gani ba. Ta farka tana ganin kamar ya iso, ta tashi da murna tana zaga ɗakuna tana neman agogon da za ta ba shi, tana wuce mutanen gidan da suka yi jugum, har aka faɗa mata, ta dinga kiran sunansa, ta bi wani lungu ta ɓulla kan dandamali. Wanda ya san aiki ya san abin da wannan yake nufi. Dole ta taka kowace alama da aka sa a ƙasa a kan lokaci, don mai kyamara da mai saita hoto suna biye da ita. Ta yi sauri, hoto ya dushe. Kuka ya zo mata da wuri, ƙarshen ya rasa ƙarfi, kuma babu wani hoto da edita zai liƙa ya rufe. Wane mai kwalliya ne ya yi mata wannan?

Sannan jiki. Piaf tsawonta mita 1.47 ne, Cotillard ta fi ta da sama da santimita 20. Ta fito a matsayin Piaf tun tana budurwa mai waƙa a titunan Paris har mutuwarta a 1963 tana da shekara 47, lokacin da amosanin gaɓɓai da allurar morfin da giya suka tanƙwara ta kamar 'yar saba'in. Ba a jere ake ɗaukar fim ba. Jaruma ce za ta riƙe a kanta yadda bayan yake a kowace shekara, yadda yatsu suka ƙage, yadda taku ya gajarce.

Malam Mai Sharhi: Baba, fitowar Cerdan na sallama. Amma fitowa ɗaya ba ta isa hujja ba. Ku dubi yadda Cotillard ta yi wasan mutuwa a The Dark Knight Rises na 2012, har yau ana yi mata dariya a intanet. In gwanar ce haka, ya aka yi?

Baba Darakta: Fitowar ba ta yi kyau ba, gaskiya ne. Sai dai ɗan wasa ba shi ke zaɓar ɗaukar da za ta shiga fim ba, darakta da edita ne. Ga kuma abin da zai raba gardama. A 2014 'yan uwan nan Dardenne na Beljiyam suka sa ta a Deux jours, une nuit. Sandra ce, ma'aikaciyar kamfanin faifan sola da ke fama da ciwon damuwa, tana bin abokan aikinta 16 a ƙarshen mako tana roƙon su haƙura da garaɓasar Yuro 1,000 don kada a kore ta. 'Yar riga ce da wandon jins, gashi a ɗaure, ba roba ba faifai. Kusan magana ɗaya take maimaitawa a kowace ƙofa, amma kunyar roƙon tana sauya kama daga gida zuwa gida. Da wannan ta sake shiga jerin 'yan takarar Oscar a 2015, kuma reshen 'yan wasa na masu zaɓen Oscar ne yake fitar da wannan jeri, ba masu kwalliya ba.

Hajiya Mai Kwalliya: A ƙara da De rouille et d'os na Jacques Audiard, 2012, inda ta fito mai horar da manyan kifaye da ta rasa ƙafafu biyu. Koren safa ta sa, aka goge ƙafafun da kwamfuta. Kwamfuta tana goge ƙafa, amma ba ta goge nauyinta. In jaruma ta dogara da diddige ko kaɗan wajen juyawa a gado, ƙugu zai tona asiri. Da hannu da ciki ta riƙa jan jikinta.

Malam Mai Sharhi: Na janye cewa ba ta iya ba. Inda nake tsaye shi ne, a 2008 masu zaɓe ba su ga waɗannan finafinai ba, ba a ma yi su ba. Abin da suka sani nata kaɗan ne, don Taxi na 1998 da kyautar César da ta ci a 2005 a Faransa aka fi sanin su. Sauyin kamar ne ya ja idonsu. Kuma fim ɗin kansa ya tsallake shekarun da Jamus ta mamaye Faransa, alhali nan ne rayuwar Piaf ta fi sarƙaƙiya. An sauƙaƙa wa jarumar.

Yaya Edita: Tsallaken nan a wuyan Dahan yake, Malam, shi ya rubuta tare da Isabelle Sobelman ya kuma ba da umarni. Ga gwaji mai sauƙi ga duk wanda ke zauren nan. A nemo waƙar ƙarshe ta fim ɗin, wadda aka yi a dandamalin Olympia na Paris, a kashe sauti gaba ɗaya, a bar kallon leɓe, a kalli wuya da kafaɗa da hannuwa kawai. Sannan a nemo hoton Piaf na gaske tana wannan waƙa, shi ma a kashe sauti, a ƙirga inda kowacce take jan numfashi.