Baba yana ji a gida, amma a kasuwa sai "na'am?"

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema kan mahaifinmu, ya haura sittin. Rumfarsa ta hatsi tana kasuwar Jega, daura da mai injin niƙa. Injin nan ba ya ɗorewa, a tayar, a kashe, a sake tayarwa, ga masu babur suna ta wucewa. Mu yara muna gane maganar mai saye duk da haka, shi kuwa sai "Na'am? Me ka ce?" Shekaranjiya wani ya ce tiya bakwai, Baba ya auna takwas. Amma da dare a tsakar gida ko raɗa Inna ta yi yana ji. Ya ce kunnensa garau, 'yan zamani ne ke cinye magana. Ciwo ne ko tsufa?

Wani tela, Argungu: Wa alaikumus salam. A fara duba dauɗar kunne. Sai dai kada a zura ashana ko gashin kaza, ƙara cusa ta ciki suke yi.

Ma'aikaciyar jinya, Birnin Kebbi: Ɗan uwa, daga kai har Baba kowa da gaskiyarsa. Ƙara mai zuwa tana ɗaukewa tana barin 'yan giɓi. Mai lafiyayyen kunne a giɓin nan yake tsintar guntayen kalmomi, ƙwaƙwalwa ta cike sauran, shi ya sa ya fi gane magana kusa da maƙera a kan kusa da janareta mai kuka bai ɗaya, ko da ƙarfinsu ɗaya. Wanda jinsa ya fara rauni ba ya morar giɓin sosai. Kuma siraran sautuka irin s, sh, f da t ne ke fara ɓace wa tsofaffi, wasula kuwa suna nan daram. Ka ga bakwai da takwas, cire musu farko da ƙarshe, "akwa" ce ta rage. A kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a yi gwajin ji. Idan ba na'urar a kusa, akwai Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Tsohon mai niƙa: Shekara nawa yana gefen injin? Ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, awa takwas kullum, tana cin kunne a hankali. Ni har yau nawa na ƙugi da dare. A mayar da tabarmarsa can ƙuryar rumfa.

Mai tambaya: Ya fi shekara ashirin. Matsalar, ba zai yarda da asibiti ba.

Wata Hajiya, Gwandu: Ɗana, ba kai za ka faɗa masa ba, amininsa za ka tura. Kafin nan ku daina ɗaga masa murya, kunyata shi kuke yi gaban mutane. Matso kusa, ya ga bakinka, ka jira injin ya lafa. Ciniki kuma a riƙa nuna masa da yatsu.