Abin mamaki ko ƙididdiga: da wanne kuka taɓa buɗe magana?

Malamin lakwal, Tawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Labarin ƙasa nake koyarwa. Makon jiya na rubuta a allo cewa faɗin Nijar murabba'in kilomita 1,267,000 ne. Yara suka kwafa shiru, ba wanda ya ko ɗaga kai. Washegari ban taɓa alli ba, na ce musu kawai ƙasarmu ta fi Nijeriya faɗi. Aji ya kaure! Wani yaro da babansa ke fatauci ta Konni ya miƙe ya ce, "Mushe, ba ta yiwuwa." Sai da muka shimfiɗa taswira, kuma su da kansu suka roƙi adadin Nijeriya, 923,768, don su gwada. Ku da kuke magana gaban jama'a, yaya taku ta kasance?

Ungozoma, Yamai:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ƙididdiga ta taɓa rufe mini ƙofa. Ranar awo, mata cike da rumfa, ina bayanin tazarar haihuwa, na ce binciken 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar yara 7.6. Wata dattijuwa da ta rako surukarta ta dube ni ta ce, "'Yata, ni goma sha ɗaya na haifa, ƙanwata ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Wace ce a cikinmu macen Nijar ɗin?" Wallahi jikina ya yi sanyi, domin gaskiya ta faɗa. Wannan adadi ba na mace ɗaya ba ne: an tambayi mata dubbai, an haɗa, an raba. Ita kuwa ƙanwarta ta tuna, kuma ni na tayar mata da miki ban sani ba.

Daga baya na gane shi ma adadin yana tafiya, binciken 2021 ya ba da 6.2. Yanzu da abin da suke iya gani a jikinsu nake farawa. Nakan ce musu nonon farko, mai kauri mai ruwan ɗorawa, wanda wasu ke matsewa su zubar, shi ne rigakafin farko na jinjiri. Nan take ake gyara zama, tambayoyi su yi ta zuwa. Adadi kuwa na ajiye shi sai wurin taro da manya masu tsara kasafi, can yake da aiki.

Mai shiri a rediyo, Yamai:
Hajiya, kin taɓo inda ya taɓa ƙona ni. A wani shiri na ce raƙuman dawan Afirka ta Yamma ba su rage ko'ina ba sai a Nijar, na ƙara da cewa ba su wuce 50 ba. Ban rufe baki ba wani mai sauraro daga wajen Kure ya kira, ransa a ɓace, ya ce ko garken da ke cinye masa wake ya isa ya ƙaryata ni. Maganar farko daidai take. Ta biyu ƙidayar 1996 ce na faɗa ba shekara, alhali tuni sun haura 600. Na nemi gafara kai tsaye. Tun ranar, adadi ba ya fita bakina sai da shekararsa da wanda ya ƙirga.

Tsohon direban kamyo, Tawa:
'Ya'yana, ni ban san lissafi ba. Amma in na ce wa jikokina akwai iccen da ya tsaya shi kaɗai tsakiyar hamadar Tenere, ga fili iya ganinka, kuma mota ta zo ta buge shi a 1973, barci ba ya ɗaukarsu. Mai gardama ya je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, kututturen na nan.

Malamin lakwal, Tawa:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, da iccen nan zan buɗe darasin hamada ran Litinin. Hajiya, tambayar dattijuwar nan ta tsaya mini a rai. Zan sa kowane yaro ya faɗi yawan 'yan ɗakinsu, mu haɗa mu raba a allo, su ga da idonsu yadda ake samun adadi mai ɗigo irin 7.6 ɗin nan.